Wa Zai Tsaya Maka? Faɗakarwa ga Masu Neman Aiki

A kowace shekara, idan jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suka yaye ɗalibansu, waɗanda ba su haura shekara 30 ba daga cikinsu kuma suka tafi hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, suka yi shekara guda a wata jiha ana ba su ɗan alawus, sai ka ga sun komo gida da kwali a hannu da dogon buri a zuciya, iyaye na murna, ƙanne na sa rai, kowa na jiran ranar da za a ce an kira wane ofis. Idan aka kwana biyu shiru, wata ya bi wata, takalmi ya suɗe, kuɗin mota da na fotokofi suka ƙare, sai masu ba da shawara su yi wa yaro caa, shawarar tasu kuwa, wadda galibinta daga littattafan Turawa da masu wa'azin arziki na intanet aka kwaso ta, ba ta wuce abu uku ba: ka san mutane, ka sa a san ka, ka bi abin da ranka yake so. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya daga ukun nan. Abin da nake ganin ya ɓace wa masu faɗarsu shi ne, dukkansu suna rataye ne da abu guda, watau aikin da wani mutum mai mutunci ya gani da idonsa, ya gamsu, har ya yarda ya sa bakinsa a cikin maganarka.

Ya kamata mai neman aiki ya fara duban al'amarin ta wajen mai ɗauka, domin yawancin matasa ta gefensu kaɗai suke kallo. A watan Maris na 2014, da Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta tashi ɗaukar ma'aikata, mutum fiye da 500,000 suka biya naira 1,000 kowannensu suka rubuta suna, alhali kuwa guraben ba su kai 5,000 ba. Ranar jarrabawa aka tara su a filayen wasa da wasu wurare a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin da sauran garuruwa, aka yi turmutsutsu, mutum fiye da goma suka riga mu gidan gaskiya. Kowane ɗaya daga cikin taron nan da takardarsa a hannu, takarda kuwa idan ta zama kowa yana da ita, ta daina bambanta mutum da ɗan'uwansa. To, mai kanti ko mai makaranta ko mai kamfani da aka jibge masa takardu ɗari a kan tebur, tsoro ne yake cika masa ciki kafin komai: tsoron wanda zai cinye masa dukiya, da wanda zai riƙa zuwa ƙarfe goma yana tashi da azahar, da wanda zai kori masu ciniki da baƙar magana. A cikin Suratul Ƙasasi, da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa, Alaihis Salamu, aiki, sifa biyu ta kafa hujja da su, ƙarfi da amana, kuma har gobe malamai a kansu suke gina sharaɗin ba wa mutum aiki. Kwali yana ɗan ba da labarin ƙarfi, gwargwadon ingancin makarantar da ta bayar da shi. Game da amana kuwa ba ya cewa uffan. Shi ya sa mai ɗauka yake ajiye takarda ya yi tambayar da kakanninsa suke yi: ɗan gidan wa ne, wa ya san shi, wa zai tsaya masa?

A nan ne fa ake samun ruɗani mai yawa, domin akwai abu biyu masu kama da juna a ido, alhali hukuncinsu ya sha bamban, watau kamun ƙafa da shaida. Kamun ƙafa shi ne wani mai iko ya cusa ka inda ba ka cancanta ba, da 'yar wasiƙa ko bugun waya, ba don ya san abin da za ka iya ba, sai don ubanka abokinsa ne ko don kana yi masa fadanci; wannan zalunci ne ga wanda aka ture, cin amana ne ga dukiyar jama'a, ko da Bahaushe ya yi masa kwalliya da cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Shaida kuwa ita ce wanda ya san aikinka ya faɗi abin da ya sani, ba daɗi ba ragi, kuma wannan asali ne mai tushe a shari'a: alƙali ba ya yanke hukunci da maganar mai ba da shaidar da bai sani ba sai an yi masa tazkiya, malaman hadisi sun kafa fanni sukutum na jarhi da ta'adili don tantance wanda za a karɓi ruwayarsa, malamin zaure kuma ba ya ba almajiri ijaza sai ya zauna a gabansa ya ji karatunsa. Ma'aunin da zai raba maka su mai sauƙi ne. Idan ka ɓata aiki wanda ya kawo ka zai ji kunya, a kira shi a nuna masa ɓarnar da yaronsa ya yi, to shaida ya yi maka. Idan kuwa ko a jikinsa, har ma babu mai iya tunkararsa da maganar, to alfarma ce aka yi masa a kanka.

Ba zan ce kamun ƙafa ba ya aiki a ma'aikatun gwamnati ba, kowa ya san yana yi, har ya haifi abin da ya fi shi muni, watau sayen gurbi, inda za ka ga an sayar da gonar gado an miƙa wa wani dillalin ofis, shi kuma ya kawo takardar kama aiki mai hatimi da sa hannu, sai ranar tantance ma'aikata a ce babu sunan a ko'ina. Amma illar da ta fi damuna ita ce wadda yake yi wa zukatan waɗanda ba su da kowa, domin da zarar yaro ya cusa wa ransa cewa sai da hanya, shi ke nan ya sami fatawar zaman kashe wando, ya koma majalisa yana lissafin 'ya'yan wane da wane da aka ɗauka. Ya manta cewa mafi yawan masu ci da guminsu a ƙasar nan ba albashin gwamnati suke jira ba; suna kasuwa, da gona, da gareji, da makarantun kuɗi, da asibitocin kuɗi, da kamfanoni manya da ƙanana, inda mai wuri kuɗinsa ne yake zubewa idan ya ɗauki rago, saboda haka ko ya yi kara ya karɓi ɗan alfarma, ba zai daɗe yana ciyar da shi ba.

Wannan tsari na tsaya wa mutum tsoho ne a wurinmu, har wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 don ya fahimci yadda yake tafiya, ya fitar da littafi a kansa a 1969. Abin da ya tarar shi ne, falke yakan taso da shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigidansa, dillalan maigida su sayar da shanun ga mahauta Yarabawa bashi, ba takarda ba banki, a yi alkawarin biya bayan 'yan makonni, idan kuwa mahauci ya gaza, maigida ne zai cika wa baƙonsa daga aljihunsa. Don haka jarin dillali shi ne sanin mutane, wane mahauci ne yake biya, wane ne ya fara tangal-tangal, jarin maigida kuma shi ne maganarsa. Yaron da ya shigo gidan ba ya farawa da riƙe kuɗi. Aike ake yi masa, ana kallon yadda yake dawo da canji da yadda yake karɓar baƙo, shekara da shekaru, kafin a ce ya shiga kara ya yi dillanci. Haka cinikin goro ya gudana tsakanin Salaga da Kumasi da Kano, haka kuma ake yi yau a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, inda yaron kanti yakan yi shekaru a gaban ubangidansa kafin a sallame shi da jari, ko a kai shi wurin manyan diloli a ce ku ba shi kaya, ni na tsaya masa. Wanda ya je jami'a ba a keɓe shi daga wannan ƙa'ida ba, sai dai kawai an ba shi takardar da takan sa ya yi zaton an keɓe shi.

Sa'an nan akwai wani abin mamaki game da irin mutanen da labarin aiki yake zuwa ta hannunsu. A 1973 wani malamin ilmin zamantakewa na Amurka, Mark Granovetter, ya bayyana sakamakon binciken da ya yi a garin Newton, kusa da Boston, inda ya tambayi ma'aikatan da ba su daɗe da sauya wurin aiki ba ta yaya suka ji labarin gurbin. A cikin waɗanda suka ce ta bakin wani mutum ne, kaɗan ne suka ji daga wanda suke gani kullum. Mafi yawa daga wanda suke haɗuwa da shi jefi-jefi ne, ko ma wanda suka daɗe ba su gani ba. Dalilin kuwa a fili yake ga wanda ya yi tunani: aminanka na kusa abin da ka ji shi suka ji, inda kake shiga nan suke shiga, babu wani sabon labari a bakinsu. Samari shida da ke zama a kan benci ɗaya tun daga la'asar har isha'i, dukkansu suna neman aiki, ko sun shekara suna ƙaunar juna babu abin da ɗaya zai ƙara wa ɗaya. Amma tsohon abokin ajinka da ke Fatakwal, da malamin da ya duba maka kundin kammala karatu, da ɗan Inugu da kuka kwana ɗaki ɗaya a sansanin hidimar ƙasa, kai har mai gyaran janareta da ke shiga ofis goma a mako, kowannensu yana jin abin da ba ya isowa unguwarku.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa kiran malaminsa ya gaishe shi ba tun da ya bar makaranta, bai je ta'aziyya ba, bai duba marar lafiya ba, ba a taɓa ganinsa a aikin gayya ko a taron tsofaffin ɗalibai ba, ranar da ya buga waya tun daga sallamarsa za a gane buƙata ce ta kawo shi. Haka nan 'yan watannin da ake tura ɗalibi koyon aiki a ma'aikata ko masana'anta kafin ya gama karatu, wanda Asusun Horar da Ma'aikata da aka kafa a 1971 yake kula da shi, da shekarar hidimar ƙasa kanta, su ne lokutan da Allah yake ajiye matashi a gaban mutanen da za su iya yi masa shaida, ba tare da ya roƙi kowa ba. Abin takaici, da yawa sukan lallaɓa a sa musu hannu a littafin halarta su ɓace, suna ganin sun yi wayo.

Ko da an sami wanda za a je wurinsa, akwai ladabin tambaya, kuma a nan ne da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Ga yadda abin yakan kasance. Saurayi ya sami abokin mahaifinsa bayan sallar magariba, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa ambulan ya ce, "Baba, na gama hidimar ƙasa, a taimaka mini da aiki." Dattijo ya ce, "Madalla, ɗana. Wane irin aiki?" Ya ce, "Ko wane iri ne, Baba, in dai an samu." Sai dattijo ya tura ambulan ƙarƙashin darduma, ya ce, "To, Allah ya sa a dace, ka gai da mutan gida," ba don rowa ba, sai don an ɗora masa kayan da bai san inda zai sauke ba. Wani saurayin kuma ya zo ya ce, "Baba, lissafin kuɗi na karanta, kuma a makarantar da aka tura ni hidima ni na riƙe musu littafin kuɗin makaranta shekara guda, ga lambar shugabar in ana son tambayarta. Na ji kamfanin casar shinkafar nan yana neman mai lissafin sito. Ba cewa na yi a sa ni ba, so nake a nuna mini wanda zan gani, da irin abin da suke tambaya." Kafin ya rufe baki dattijo ya fara laluben waya a aljihu, domin abin da aka roƙe shi ƙarami ne, yana iyawa, kuma an ba shi abin da zai faɗa idan an ce masa yaron nan me ya iya. Wannan shi ne tafarkin Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi, wanda ya iso Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya ƙi karɓa, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya shiga ya fito da ribar ɗan cuku da man shanu, daga nan har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

Game da sa a san ka, mu Hausawa muna da wata matsala tamu ta daban, watau kunya da kawaici, waɗanda kyawawan ɗabi'u ne a zaure amma sukan cuci mutum a gaban masu ganawa da shi don ɗaukar aiki. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka sai ka ga yaro mai hazaƙa an tambaye shi me ya iya, ya sunkuyar da kai ya ce ana dai taɓawa, wani kuma da bai kai rabinsa ba ya buɗe baki ya cika ɗaki. Malamai sun warware wannan tun tuni, suka kafa hujja da Annabi Yusufu, Alaihis Salamu, wanda ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci tsaronsa da saninsa, suka ce ya halatta mutum ya bayyana abin da ya iya idan ba a san shi ba kuma akwai maslaha. Abin da aka hana shi ne riya da sum'a da ujubu, da yin ado da abin da ba a ba ka ba. Hanyar tsira tsakanin biyun ita ce ka bar sifanta kanka ka riƙa faɗin abin da ya faru: kada ka ce ni haziƙi ne mai ƙwazo, wanda kowa yake rubutawa a takardarsa, ka ce na koyar da aji uku lissafi, na haɗa wa asibitin ƙauye wutar sola, na riƙe kantin kawuna wata shida yana Makka da Madina bai tarar da giɓi ba. Irin wannan magana ana iya bin sawunta, mai gaskiya kuwa ba ya tsoron a bi sawunsa.

Tarihin Alhaji Abubakar Imam ya ishe mu misali a wannan babi. Malamin makaranta ne a Midil ta Katsina, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, lokacin da Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa a 1933 yana neman malamai su rubuta labarai da Hausa don gasa. Da yawa sun ji kiran, kaɗan ne suka zauna suka rubuta. Shi ya rubuta Ruwan Bagaja. Da East ya ga irin alƙalaminsa, sai ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, da aka tashi kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 kuma, shi aka ɗora a kan kujerar edita. A lura da yadda abin ya jeru: aiki ya fara fita, aikin ya kai shi gaban mutumin da ke da ikon buɗe ƙofa, mutumin ya ƙara gwada shi da aiki mafi girma, sa'an nan muƙami ya biyo baya. Da ya tsaya jiran sai ya san wani Bature kafin ya ɗauki alƙalami, da wataƙila ba mu san sunansa ba.

A yau wayar da ke aljihun kowa ta sauƙaƙa nuna aiki fiye da zamaninsa nesa ba kusa ba. Mai zanen gine-gine, da mai ɗinki, da mai haɗa manhajar kwamfuta, da matar aure mai yin cincin da turaren wuta a cikin gidanta, kowa yana iya ajiye samfurin aikinsa a WhatsApp ko Facebook ko LinkedIn, mutumin Legas ko Yamai ya gani ya yi magana. Amma wayar nan ba ta mantuwa, kuma masu ɗaukar aiki sun koyi leƙawa. Wanda shafinsa ya cika da zagin malamai da ashar a kan siyasa ya riga ya rubuta wa kansa tazkiya tun kafin a tambayi kowa.

Saura maganar bin abin da rai yake so, wadda ita ce ta fi daɗin ji kuma ta fi ɓatar da matasa, domin ana faɗinta kamar kowane mutum an haife shi da wata sana'a guda a ɓoye cikin ƙirjinsa, aikinsa kawai ya zauna ya yi ta tunani har ta bayyana. Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa sana'a malaka ce da take tabbata a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki a gaban malami, kuma kyawunta gwargwadon kyawun koyarwar ne. Wanda ya taɓa zama a shagon tela ya ga tafsirin wannan magana da idonsa. Yaro yakan fara da shara da hura gawayin dutsen guga, sa'an nan sa maɓalli, sa'an nan farke ɗinkin da ya karkace da reza, yana yi yana ƙunƙuni, babu abin da ya tsana kamar shagon nan. A hankali a bar shi ya hau keke ya tatse wandon yara, ya koyi aljihu, ya koyi wuyan kaftani, wanda shi ne inda ake gane gwani, almakashi kuwa sai can ƙarshe, domin shadda tana da tsada kuma abin da aka yanka ba ya komawa. Ranar da maigida ya miƙa masa yadin wani ya ce yanka, ya yanka hannu na rawa, ranar Idi ya hangi rigar a jikin mai ita ta zauna ɗas, ya ji wani yana tambaya wa ya ɗinka maka, to a ranar ne son sana'ar yake shiga zuciyarsa, kuma ba ya fita. Da an tambaye shi a shekarar gawayi ko ɗinki ne abin da ransa yake so, da ya rantse ba shi ba ne.

Ba ina nufin babu bambancin ɗabi'a tsakanin mutane ba, akwai. Wani ba ya iya zama wuri ɗaya, wani jini yake tsoro, wani lissafi ne ruwan shansa, kuma kowa an sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. Sai dai ba a gano wannan a kwance, sai an gwada akan san na ƙwarai. Alamominsa kuwa ba su da wuyar ganewa ga wanda ya sa hannu a ayyuka daban-daban: aikin da kake yi har lokaci ya wuce ba ka duba agogo ba, wanda idan an gyara maka kuskure a cikinsa kake jin daɗi maimakon haushi, wanda mutane suke zuwa neman ka dominsa ba tare da ka yi talla ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran ƙarfi, domin rai yakan yaudari mai shi, amma jama'a ba sa sallama a ƙofar wanda bai iya ba. Idan alamun suka haɗu, sai a yi shawara da waɗanda suka tsufa a cikin sana'ar, a tambaye su wahalarta kafin daɗinta da abin da take kawowa a watan da babu ciniki, a yi istihara, sa'an nan a ƙulla niyya. Iyaye kuma, waɗanda sau da yawa burinsu bai wuce a ce ɗansu likita ne ko lauya ba, sun fi saurin saukowa idan aka nuna musu ɗan abin da sana'ar ta fara kawowa fiye da idan aka tsaya yi musu dogon bayani.

Wanda kuwa yake da bakuna a bayansa, mahaifi ya tsufa, ƙanne na makaranta, ba shi da halin jiran aikin da ya dace da ransa, kuma babu aibi a kansa idan ya kama wanda ya samu, ko koyarwa ce a makarantar kuɗi da albashin da bai taka kara ya karya ba, ko zaman shagon cire kuɗi, ya kyautata shi iyakar iyawarsa, ya ware darensa da Asabar da Lahadinsa ga abin da yake hange. Idan Allah ya kawo wanda ya fi, to a bar na farko ta ƙofa, kada a bi ta taga. A sanar da mai wuri da wuri don ya nemi madadi, a zauna a yi lissafi, a miƙa makullai da littattafai da ragowar kaya a gaban shaidu, a nemi yafiya, a kuma koma wurin wanda ya tsaya maka tun farko a gaya masa da bakinka kafin ya ji a gari. Sabon wurin da za ka, kafin su ba ka kujera, tsohon maigidan nan ne za su fara bugawa waya.